Sunan Kakanmu a Kayen Jiratawa

Yayanmu ne ya sa ni wannan aiki, kuma na san har gobe yana da-na-sanin sa ni. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, shi ya ci gaba da harkar atamfa da manyan motocin da ke zuwa Kano da Kwatano. Ni kuwa malamar lakwal ce, wato makarantar boko, na gama koyar da 'ya'yan mutane a Sabon Gari nan Maraɗi na yi ritaya, ina zaune ba aikin fari ba na baƙi. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya aiko a kira ni.

"Madam," haka yake ce mini in yana son wani abu, "ke ce 'yar bokon gidan nan. So nake ki rubuta mana tarihin zuri'armu, a buga ɗan littafi, a raba ranar taron zumunci na bayan babbar Sallah. Yaran nan sun taso ba su san asalinsu ba."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce masa ya bar mini.

Abin da muka sani game da kakanmu na wajen uba kaɗan ne, kuma duk daga bakin Baba ya fito. Ya ce mana mahaifinsa babban malami ne a fadar Tsibiri, ya rasu tun Baba bai yi wayo ba, ya tashi maraya, ya shigo Maraɗi da riga ɗaya. Wannan labarin muka sha tun muna yara. In ɗayanmu ya yi ƙyuyar zuwa makarantar allo, da shi ake yi masa faɗa: jikan malamai guda.

Don haka Tsibiri na nufa. Wata biyu ina hawa kabu-kabu ina zuwa, ina zama da tsofaffi a gindin itace, ina faɗa musu sunan kakanmu. Mutanen kirki ne, ba sa son baƙuwa ta koma hannu biyu. Wannan ya ce kamar ya taɓa jin sunan. Wancan ya ce akwai wani malami mai irin sunan, amma shi bai haihu ba. Wani ya ba ni labari mai daɗi na malamin da ya yi addu'a ruwa ya sauka, ya ce ƙila shi ne. Ni kuma ina ta rubutawa a kayena, wato littafin rubutuna, har ya kusa cika.

A Tsibirin muna da Goggo, ƙanwar Baba, can ta yi aure, can ta tsufa. Wajenta na fara zuwa tun ranar farko. Na tambaye ta, sai ta ce, "Ɗiyata, tsufa ya cinye mini kai, ban riƙe komai ba." Ta shiga tambayata ciwon gwiwata. Na yarda da ita, don ban ga dalilin da zai sa tsohuwa ta yi mini ƙarya ba.

Wata maƙwabciyata ce ta ce in je in ga mahaifinta. Ya yi rayuwarsa duka yana sakatare a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, tun daga ƙauyuka har cikin gari. Na same shi da hantsi a ƙofar gida, dogo, siriri, da tabarau mai kauri. Ya karɓi kayena ya buɗe shafi uku ko huɗu, ya ɗora yatsa a kan labarin ruwan saman.

"Madam, wa ya faɗa miki wannan?"

Na ce wani tsoho ne a Tsibiri.

"Wane tsoho? Wace rana? Shi kuma wa ya faɗa masa?"

Ya rufe kayen ya miƙo mini.

"Wannan hira ce kika tara, ba bincike ba. Kin fara daga sama, kin ɗauki mutumin da ba ki tabbatar da shi ba kina nema masa labari. Ba haka ake yi ba. Daga kanki za ki fara. Ki rubuta sunanki, ki kawo takardarki. Sannan mahaifinki, da tasa takardar. Ba ki da ikon taka ƙafa zuwa kaka sai kin gama da uba. Duk abin da kika rubuta, ki sa a gefensa inda kika samo shi, wace takarda ce, a hannun wa take, ko bakin wa kika ji, kuma yaushe. In ba ki ji abu daga wuri biyu da ba su haɗa baki ba, ki sa masa alamar tambaya."

Raina ya ɓaci. Na saba ni ke riƙe jan bik, wato biro, ina gyara wa wasu. Na ce masa ai Baba da kansa ya faɗa mana, me ya fi bakin mai abu?

"Bakin mai abu shaida ɗaya ce," in ji shi. "Takarda ma tana ƙarya, ni na rubuta su, na sani. Je ki gida ki duba abin da ke cikin akwatunanku tukuna."

Adakar Inna tana ɗakina tun rasuwarta, ban taɓa zazzage ta har ƙasa ba. Ranar na zazzage. Ƙarƙashin tsofaffin zannuwa na sami wani gwangwanin alewa, a ciki akwai fasfo ɗin Baba na aikin hajji, da katinsa na ɗan ƙasa, da takardar aurensu. Sai kuma takardun shaidar haihuwa irin waɗanda alƙali ke yi wa wanda ba a yi masa rajista yana jariri ba. Guda biyu ne, dukansu na Baba.

Ɗaya na san ta, ita ake amfani da ita a gidanmu. Ta ce an haife shi a Tsibiri, mahaifinsa malami ne, marigayi. Ɗayar kuwa ban taɓa ganin ta ba. An ninke ta huɗu, ta yi ja, gefenta ya fara ci. Ita ta ce an haife shi wajajen shekara kaza a Jiratawa. A gaban sunan mahaifinsa, inda ake rubuta sana'a, akwai wata kalma ta Faransanci da ni kaina na sha koya wa yara a darasin sana'o'i. Majemi.

Na koma wajen tsohon sakatare a guje da takardun biyu. Shi ko gezau. Ya shimfiɗa takardun biyu a kan cinyarsa, ya nuna mini abin da idona bai gani ba.

"Ba sunan mai takarda kaɗai ake karantawa ba. Dubi ranar da aka yi kowace. Wannan tsohuwar an yi ta yana saurayi, lokacin da ya fara neman aiki. Wannan sabuwar an yi ta bayan ya zama wani. Wadda ta fi kusa da haihuwar ita ake fara saurara. Yanzu dubi shaidu."

Shaidun sabuwar takarda na san su, abokan kasuwancin Baba ne su biyu, suna cin abinci a gidanmu. Shaidar farko a tsohuwar takarda kuwa sunansa ɗaya da sunan mahaifin Baba, sana'arsa ɗaya, garinsa ɗaya.

"Mutumin da ya mutu ɗansa bai yi wayo ba," in ji Malam Sakatare, "ba ya zuwa gaban alƙali ya yi wa ɗan shaida yana saurayi. Amma kada ki yanke. Takarda ɗaya ce."

Shi ya faɗa mini zancen kayen ƙidaya. Tun zamanin Turawa har bayan an sami 'yancin kai ana bin ƙauyuka gida gida, a rubuta mai gida da matansa da 'ya'yansa. Wani lokaci akan bar kwafi a hannun magatakardan mai gari. Ya koya mini yadda ake rubuta takardar neman izini, ya ce in tafi da fensir ba bik ba, in wanke hannuna kafin in taɓa, kada in lasa yatsa in buɗe shafi, kuma in ɗauki hoton bangon kaye da wayar salula kafin in ɗauki na ciki, don in san daga wanne ya fito.

Jiratawa ga ta nan bayan gari, na sha wucewa ta gefenta, ban taɓa jin ina da wani abu a cikinta ba. Aka haɗa ni da iyalan tsohon magatakarda, suka fito mini da akwatin ƙarfe. Gara ta ci wasu daga cikin kayen, wasu ruwa ya manne su. Zuwana na farko ban sami komai ba. Na biyu ma haka. Na dawo na ce wa Malam Sakatare babu sunan, kuma a cikin raina na ji sanyi, don na fara fatan tsohuwar takardar ce ta yi kuskure.

"Yaya kike neman sunan?"

Na rubuta masa yadda muke rubuta shi.

Ya yi tsaki. "Wanda ya rubuta kayen nan kunnensa ya bi, ba ƙa'idarku ba. Kowane ma'aikaci da yadda ya ji. Wani lokaci ma laƙabi aka ba shi. Bar neman mutum ɗaya, nemi gida. Kin san sunan mahaifinki, kin san na ƙanwarsa. Nemi inda suka zo tare."

Zuwa na uku na same su. Gida ɗaya, a unguwar majema. Mai gida, sunansa an rubuta shi da wani irin rubutu da ba zan taɓa gane shi ba in da shi kaɗai ne. Matarsa. Sai 'ya'ya uku: Baba, Goggo, da wani namiji a tsakaninsu da ban taɓa jin an ambace shi a gidanmu ba. Na bi gidan daga kaye zuwa kaye. A wani, an rubuta a gefen sunan Baba cewa ya koma Maraɗi. A wani, Goggo ta fita. A na ƙarshe, an ja layi a kan sunan mai gidan, an rubuta shekarar da ya rasu.

Na cire shekarar haihuwata daga ciki. Na sake cirewa don ban yarda ba. Shekarata goma sha ɗaya lokacin da kakana ya mutu. Ina aji biyar. Ina cikin gari ɗaya da shi kusan, ana ce mini ya mutu tun kafin a san za a haife ni.

A nan zaune a kan tabarmar mutane na tuna wani tsoho.

Lokacin muna yara akwai wani tsoho da ke zuwa gidanmu jefi-jefi a kan jaki, yana kawo buzu da jakunkunan fata. Ba ya wuce zaure. Hannayensa sun rine sun yi baƙi, jikinsa yana warin jima, warin nan na ɗanyar fata da bagaruwa da ba ya fita da wanka. Akwai kwanon da aka ware masa, ba a haɗa shi da na gida. Mu yara muna kiran sa Mai Wari, muna toshe hanci mu wuce da gudu muna dariya. Ba wanda ya taɓa kwaɓar mu. Yakan zo mana da goriba da magarya a cikin aljihu. Wata rana ya kira ni, ya ciro takalman fata ja, ƙanana, ya miƙo mini. Na ce ya ajiye a ƙasa in ɗauka. Ya ajiye. Na ɗauka na shige ko godiya babu. Takalman suka yi mini daidai kamar an gwada, kuma ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi haka ba. Daga baya ya daina zuwa, ba wanda ya ce komai, ni ma ban tambaya ba.

Ban san yadda na rufe akwatin na yi wa mutanen gidan sallama ba. A kan kabu-kabu ina kuka ina zagi a cikin raina, kuma ban san wa nake zagi ba. Na so in wuce kai tsaye wajen Yaya. Ƙafata ce dai ta kai ni wajen Malam Sakatare.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kaye ya gaya miki kakanki majemi ne kuma ya yi tsawon rai. Bai gaya miki shi ne tsohon zaure ba. Wannan ke kika haɗa. Tunanin yarinya 'yar shekara goma ba shaida ba ne. Akwai wanda ya rage da rai cikin mutanen wancan shafin?"

Na ji kamar in jefe shi da kayen. Amma gaskiya ya faɗa, kuma akwai wadda ta rage.

Washegari da safe na sauka a Tsibiri. Ban yi doguwar gaisuwa ba. Na buɗe salula na karanta wa Goggo sunayen gidan ɗaya bayan ɗaya, har da na ɗan'uwansu da aka ɓoye mana. Da na kai kansa sai ta ɗora hannu a baki.

"Goggo, tsohon da ke kawo fata gidanmu, wanene?"

Ta sauke hannunta.

"Shi ne," ta ce. "Ubanmu ne."

"Kika ce mini kin manta."

"An ce in manta, ɗiyata, na manta."

Sai ta ba ni labarin. Baba ya fara ne da sayen fata a ƙauyuka yana kai wa kamfanin Turawa, don ya san fata tun yana yaro. Daga nan ya shiga gyaɗa, ya fara samu. Ya ga Inna, 'yar wani babban attajiri, ya san ba za su ba ɗan majemi ba. Sai ya ce shi maraya ne, jikan malaman Tsibiri. Goggo tana aure a Tsibiri, ita aka nuna a matsayin dangi. Bayan aure ƙaryar ta zauna, sai aka yi mata takarda.

"Shi kakanmu bai ce komai ba?"

"Shi ya ce a yi. Ya ce in dai yaron zai ci gaba, a ce ya mutu. Abu guda ya roƙa, a bar shi ya riƙa zuwa yana ganin ku."

Ta faɗi haka don ta kwantar mini da rai, amma sai abin ya ƙara tunzura ni. Uba ya ce a kashe shi da baki don ɗansa ya samu, wannan halin uba ne. Ɗan da ya karɓa fa? Ko da ya karɓa yana saurayi, tsoro na cinsa, shekara nawa ya yi bayan nan yana da arzikin da ba wanda ya isa ya ƙwace masa mata? Ya je hajji sau uku. Ya gina masallaci. Ya ciyar da mutanen da bai haɗa komai da su ba. Bai iya tsallaka tsakar gida ya kama hannun ubansa ya shigo da shi ciki ba. Yana ji muna kiran sa Mai Wari. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa. Yana ji, ya bar mu muka ɗauki wannan nauyin ba mu sani ba.

Na tambaye ta ko Baba ya je jana'iza.

"Bai zo ba. Ya aiko da likkafani. Yayanku ya kawo."

Na sami Yaya a ofishinsa na bayan shago, fanka na juyawa, yana shan shayi. Na ajiye masa tsohuwar takardar da hotunan kayen da na wanko. Ko taɓawa bai yi ba.

"Na sani," ya ce. "To sai me?"

"Ka sani, ka tura ni Tsibiri wata biyu ina yawo kamar mahaukaciya?"

"Na ce ki rubuta tarihi, ban ce ki tone kabari ba. Na zaci za ki haɗa abin da Baba ya faɗa ki gyara Hausar, shi ke nan."

"Ƙarya kake so in rubuta."

"Rufin asiri nake so ki rubuta. Baba ya rufa mana asiri, da shi muka yi aure, da shi muka aurar. Kin san gidajen da 'ya'yana mata suke? Kin san abin da za a riƙa ce musu? Mutumin nan ya mutu, Baba ya mutu. Wa za ki amfana?"

Na ce masa jima sana'a ce, ba sata ba ce. Na ce takalmin da ke ƙafarsa wani majemi ne ya taɓa fatar. Na ce duk abin da ke cikin shagon nan daga fata ya faro, daga abin da tsohon nan ya koya wa ɗansa. Na faɗi wasu maganganun da ba su kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba, kuma ban janye su ba har yau.

"Ke lakwal ta lalata," in ji shi. "Ki bar aikin, zan ba wani."

Ya ba wani. Akwai masu irin wannan aiki a gari, ka faɗa musu abin da kake so su rubuta maka shi da kyau. Ranar taron zumunci aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Yaya, aka fito da littafin, koren bango, an zana itace da rassa. Malamin fadar Tsibiri yana can a gindi, an ma ƙara masa uba da kaka da ba mu taɓa ji ba. Labarin ruwan saman da na ba Yaya da bakina tun farkon aikin yana ciki, an faɗe shi kamar wani ya gani da ido.

Na zo da fotokofi na tsohuwar takarda da shafin kaye, na yi da yawa. Na shirya abin da zan faɗa, a natse, kamar a aji. Da na miƙe a rumfar mata sai duk ya gudu. Ihu na yi. Na ce ƙarya ce, kakanmu majemi ne ɗan Jiratawa, mun toshe masa hanci a zauren ubanmu. Ƙannena mata biyu suka riƙe ni suka ja ni cikin gida, ɗaya tana cewa a yi haƙuri, hawan jininta ne. Takardun suka watse a kan tabarmi. Da na fito na ga wasu na yin fifita da su. Wasu kaɗan sun ninke sun sa a jaka, ban san ko sun karanta ba.

Ban yi nasara ba ranar, kuma na san yadda na yi maganar ya ba su hanyar cewa ba ni da lafiya. Wannan ma yana ba ni haushi, haushin kaina.

Abu ɗaya ya rage a shafin nan ban bi ba, ɗan'uwan su Baba. Goggo ta ce ya rasu, amma babban ɗansa yana nan a Jiratawa. Bayan taron da 'yan makonni na je. Ya girme ni kaɗan, ya bar jima tuntuni, noman rani yake yi a fadama. Na same shi yana ban ruwa. Na gabatar da kaina, na fara yi masa bayanin yadda na same su a takarda, da irin wahalar da na sha.

Ya jingina da fartanyarsa yana kallona.

"Hajiya, wace wahala? Mu ai mun san ku. Mun san gidanku, mun san sunayenku, mun san ranar da anka yi bikinki. Da kin tambayi kowane yaro a unguwar majema da ya nuna miki ƙofarmu."

Na ce ban sani ba, wallahi ban sani ba.

"Na yarda. Amma me kike so yanzu?"

Na zo ne ina tsammanin za a rungume ni a yi kuka. Na ce ina so in ga kabarinsa. Ya wanke ƙafarsa ya kai ni maƙabarta, ya tsaya ya nuna wani gefe da hannu, ya ce wajen nan ne, amma an binne wasu da yawa tun lokacin, ba zai iya ce mini ga shi ba. Na yi addu'a a tsaye ina fuskantar wurin gaba ɗaya.

A hanyar komawa ya ɗan sake. Ya ce shi ya zauna da tsohon har ƙarshe. Ya ce in ya dawo daga Maraɗi yakan kwana biyu yana ba su labarinmu, wane ya yi tsawo, wance ta shiga lakwal, wance bakinta ya fi na kowa kaifi. Bai ce ni ce ba, ni ma ban tambaya ba. Na roƙe shi ya kawo iyalinsa gidana mu san juna. Ya ce aikin fadama ba ya barin mutum, sai dai in ni na ga dama in riƙa zuwa. Bai ce mini 'yar'uwa ba ko sau ɗaya, Hajiya yake cewa.

Ina zuwa. Matarsa ta saba da ni, shi har yanzu da sauransa, kuma ban ga laifinsa ba. Ni da Yaya sai gaisuwar suna da ta mutuwa. Littafinsa yana gidajen dangi, jikokinmu suna karantawa. Baba kuwa ina yi masa addu'a bayan kowace salla kamar yadda na saba, shi ya ciyar da ni, shi ya sa ni lakwal lokacin da abokansa ke cewa ba a sa mace. Amma ban huce ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa na huce.

Ranar da na fara zuwa wajen ɗan baffan namu, da zan tafi matarsa ta biyo ni da ɗan buhun albasa da tattasai, ta ce ba a zuwa fadama a koma haka. Na ɗora a cinya a kan kabu-kabu. Mun shigo gari ana kiran la'asar, muka bi ta gaban shagon Yaya, motarsa tana ƙofa. Mai babur ɗin ya san mu, ya rage gudu ya ce ko zan sauka in gaisa. Na ce ya wuce.